Kuɗin Ruwan Gidan Auta

Autanmu yana Amurka, a jihar Texas, yana tuƙin babbar mota. Ranar da ya bugo waya ya ce ya sayi gida, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. A lokacin tana wurina a Batsari, tun da zaman ƙauyenmu na can Safana ya gagara. Matar da ta baro ɗakinta da rumbunta, a ce ɗanta ya yi gida, ai dole ta yi guɗa.

Ni ce na tsare shi daga baya. Na ce, "Kai Auta, da wane kuɗin?" Sai ya ce banki ne ya biya, shi kuma zai riƙa biyan banki duk wata har shekara talatin. Ga haraji, ga inshora, ga kuɗin ruwa a kai. In ya gaza, su karɓe gidan. Na ce, "Tabɗi! Wannan saye ne ko haya?" Ya ce, "Yaya, kowa haka yake yi a nan."

Da lodin kaya ya yi ƙaranci, sai ya koma kirana muna lissafi, ko ta ina muka biyo ba ya fita. Wata rana na bar wayar a buɗe, Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ya ce, "Yaya, kuɗin ruwan nan ke kashe ni. Gidan nan zai kuɓuce mini."

Inna ta ɗago. "Ruwa? Ikon Allah! Gidan ba rijiya ne?"

Inna ko tuwon gidan mai cin riba ba ta ci. In na ce mata wannan ruwan ba na sha ba ne, a ranar za ta ce ya fita daga gidan, kuma Auta ba ya tsallake maganarta. Sai na bar ta a haka.

Ranar kasuwa ta sa aka ja awakinta, su kaɗai ta iya fitowa da su daga ƙauye. Da yamma ta kwance bakin zane ta miƙo mini. "Ungo, aika masa ya sa a haƙa rijiya, ya huta." Na juya kuɗin zuwa dala a raina, wallahi ko biyan sati ɗaya ba su kai ba. Na shiga madafi na yi kukana, sannan na aika, don ban san yadda zan mayar mata ba.

Yanzu duk kiran da ya yi, kafin ta tambayi lafiyarsa sai ta ce, "Auta, zurfin gaba nawa aka yi? An tad da ruwa?"

Sai ya ce, "Inna, ana nan ana haƙa."