Ranar da Na Raina Aikin Surukina a Gabansa

Shekarun baya, lokacin da nake neman auren matata, na tafka wata katoɓara da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ita ce kuma ta sa na san wani aikin soja da ban taɓa jin labarinsa ba.

A lokacin ina da ɗan shagon gyaran waya a unguwar Kurayyat, su kuma gidansu yana unguwar Safa. Dukanmu haihuwar Jidda ne, kakanninmu suka zo hajji suka zauna, amma tsakanin gidanmu da nasu akwai rata. Mahaifinta hafsan sojan sama ne da ya yi ritaya, ni kuwa abin da na mallaka bai wuce sukudireba da tulin matattun wayoyi ba. Na kuma ji cewa ya riga ya sallami mutum biyu kafin ni, ɗaya ma injiniya. Ba faɗa, ba wulaƙanci. Zai zauna da kai, ya zuba maka gahawa, ya raka ka har bakin ƙofa, bayan kwana biyu a aiko maka da haƙuri.

Da na tambaye ta aikin da ya yi a soja, sai ta ce, "Tayyar ne." Wato matuƙin jirgi. Haka kowa ke faɗi a danginsu. Ko mahaifiyata da ba ta taɓa ganinsa ba, da matuƙin nan na Safa ta san shi.

Ni mutum ne mai baki. Shago ya koya mini cewa in ka yi shiru, mai waya ya wuce maƙwabta. Don haka na yi mako guda ina haddar jiragen yaƙi: wanne ya fi gudu, wanne ke shan mai a sama, wanne ke juyi a tsaye. Har wayar wani bawan Allah na ƙona a ranar Laraba, ina liƙa dalma ido na kan bidiyo.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka je, ni da baffana. Na zaci zan ga wani ƙato mai muryar tsawa, sai ga ɗan siririn dattijo cikin farar riga, yana zuba mana gahawa da hannunsa. A bango akwai hotonsa sanye da kakin tashi sama, tsaye kusa da wani babban jirgi mai launin toka. Bayan gaisuwa ya dube ni ya ce, "Me kake yi, ya waladi?" Wato ɗana.

Na ce gyaran waya. Ban bari maganar ta huce ba, na nuna hoton na saki haddata. Yana saurare yana gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara wuta. Da na ga kamar ina cin kasuwa, sai na ce bari in rufe da yabo, ina kiransa Ammi, yadda ake girmama dattijo da Larabci.

"Ni a wurina, Ammi, jirgi mutum ɗaya ne, wanda ke riƙe da shi a gaba. Sauran da ake jerawa a baya ai fasinjoji ne, kaki kawai aka sa musu."

Baffana har da dariya. Dattijon ya ajiye finjalinsa a kan tire, ya ce, "To ni shekara ashirin da wani abu na yi ina fasinja. Ban taɓa tuƙa jirgi ba."

Baffana ya take mini ƙafa, ya fara "Yallaɓai, yaro ne," alhali na haura talatin. Ni dai a raina na ce shi ke nan, na zama na uku. Na ji zafi ƙwarai, domin ina son yarinyar nan so na gaskiya. Sai dai ina da wani hali tun ina ƙarami: ba na iya ganin abu a rufe ban so in san me ke ciki ba. Tunda na ɗauka auren ya riga ya tafi, sai halin ya yi rinjaye.

Na ce, "Ammi, ka gafarce ni. To me ake yi a bayan?"

Ya dube ni. Sannan ya gyara zama.

Ya ce matuƙi ya so zama, idonsa na hagu ya kayar da shi a gwajin likita, aka tura shi wani fanni da ko sunansa bai sani ba a lokacin, harbul iliktironiyya, yaƙin da ake yi da siginar na'urori. Wurin zamansa can cikin jirgi ne, ba taga, ga allo a gabansa, ga abin saurare a kunne. Shekararsa ta farko, in ji shi, da leda a aljihu yake tashi saboda amai.

"Duk wanda ke son harbo jirgi sai ya fara ganinsa, ba kuma da ido yake gani ba, da rada ne. Ita kuwa rada ba ta iya dubanka ba ta yi ƙara ba. Aikina in ji wannan ƙarar kafin mai ita ya gama shiri."

"Ana jin ta da kunne?"

"Na'ura ke mayar da ita sauti. Kowace iri da muryarta. In tana lalube ne kawai, za ka ji ta zo ta wuce, ta zo ta wuce. In ta tsaya a kanka, sautin ba ya yankewa. A nan ba ka da lokacin salati mai tsawo."

Na matso bakin kujera. Ni da nake wuni ina bin sigina a cikin waya, ban taɓa tunanin akwai wanda ransa ke rataye a kanta ba. Na tambaye shi me ake yi in ta tsaya a kanka. Ya ce sai ka faɗa wa matuƙi inda zai karkata, ka watsa wasu siraran ɓarɓashin ƙarfe a iska don radar ta ga jirage da yawa ta rasa na gaske, ko ka cika ta da hayaniya har allonsu ya koma fari. Amma hayaniyar tana da tsada, domin da zarar ka kunna ta ka faɗa wa kowa inda kake. Mafi yawan aikin, ya ce, shi ne ka san lokacin da ba za ka taɓa komai ba.

Na ce, "Ka taɓa kuskure?"

A nan ya yi dariya karo na farko. Ya ce yana sabon hannu, suna atisaye a kan Bahar Maliya, ya ji wani sauti ya daka wa matuƙi tsawa ya karkata, har shayin mutane ya zube. Ashe radar jirgin ruwan dakon tumaki ce. Shekara biyu abokan aiki suna masa kukan rago in ya shigo.

Akwai tambayoyin da ya ɗaga hannu kawai ya ce, "Wannan ba a faɗa." Ban matsa ba. In ya shiga zurfi sai Hausarsa ta ƙare ya koma Larabci, in ya ga baffana ya fara gyangyaɗi ya dawo. Kiran magariba ne ya tashe mu. Ba a ambaci aure ko sau ɗaya ba.

A mota baffana ya wanke ni tas. "Mun zo neman aure, ka zagi mutum, sannan ka buɗe masa makaranta. Yalla, ja mu tafi."

Kwana tara ba labari. Abinci ma ba ya mini daɗi. A na goma ƙanin dattijon ya kira baffana ya ce mu turo manya. Baffana ya kasa haƙuri ya tambaye shi dalili. Ya ce abin da yayansa ya faɗa kawai shi ne: na yi surutun banza na rabin awa, amma da na yi tambaya na jira amsa, kuma da aka ce mini ba a faɗa na tsaya.

Sai bayan biki matata ta gaya mini cewa ranar tana tsaye a bayan ƙofar falo tun daga farko, kuma a nan ta fara jin aikin mahaifinta. Abin ya tsaya mata a rai. Wata Juma'a muna gidan ta ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa gyara mana ba?"

Ya ce, "Kina aji biyu kika zana ni a gaban jirgi, kika kai makaranta kina nuna wa kowa. Na ce bari sai kin girma. Da kika girma ba ki tambaya ba."

Ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Har yau ina mamakin yadda mutum zai yi rabin rayuwarsa a aiki irin wannan, mutanen gidansa suna alfahari da shi a kan wani aikin daban. Ba ƙin sa suka yi ba, sun dai ɗauka sun riga sun sani. Ni ma da ban yi ɓarin baki ba, da haka zan zauna. A makon da na yi katoɓarar nan na je unguwar Madain Fahd wurin mahaifina, wanda nake cewa "yana aiki a tashar jirgin ruwa" tun ina yaro, na ce ya faɗa mini me yake yi a can in ya shiga da safe. Ya ajiye carbinsa ya ce, "Lafiya dai?" Sannan ya fara, kuma shayinmu ya huce bai kai rabi ba.