Kunkurun Ƙarƙashin Gadon Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, ni ce na tattara kayana daga Bagudo na koma ƙauye na zauna da shi. Ba don na fi sauran 'ya'yansa tausayi ba. Ni ce dai ba ni da aure a lokacin, kuma aka yarda a mayar da ni firamaren da ke kusa da gida in ci gaba da koyarwa. Ƙauyenmu yana dab da iyakar Benin, inda in ka hau tudun bayan gari wayarka ma rikicewa take yi ta kamo layin can. A gidan, mu uku ne: ni, da Baba, da ƙanwarsa Gwaggo, wadda take riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarmu.

Likita ya ba Baba magungunan hawan jini, ya kuma ce dole ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta mutu gaba ɗaya. Na ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa gindin mangwaron tsakar gida don ya riƙa dafawa. Baba ya dubi igiyar nan ya ce shi ba akuya ba ne. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin taɓon fadama yana dasa shinkafa, wai yanzu ya ja ƙafa a gaban mata? Ya ƙi. Na lallashe shi, na yi masa faɗa, na yi kuka, duk a banza. Wata biyu igiyar tana nan, sai shanyar zani muke yi a kanta.

Ana haka damina ta faɗi, makiyaya suka fara dawowa daga dajin Benin inda suke cin rani. Cikinsu akwai wani tsohon Bafulatani, aminin Baba, wanda shanunsa suke kwana a gonarmu bayan girbi tun kafin a haife ni. Baffa nake ce masa. Ashe Gwaggo ta aika masa da saƙo tun kafin ya taso. Ranar da ya zo duba Baba, ya ciro wani abu daga cikin malfarsa ya ajiye a tabarma. Ɗan kunkuru ne, bai fi murfin gwangwanin madara ba, launin ƙasa-ƙasa, idanunsa baƙaƙe wuluk suna sheƙi. Nan take ya miƙe wuya ya kama tafiya, wallahi da saurinsa.

Da na raka Baffa zaure ya ce da ni, "Ɗiyata, ɗan daji ne. Rana yaka so, da ciyawa, da ƙasa busassa." Shi duk zatonsa kiwo za mu yi, don Baba ya samu abin kallo.

Ina dawowa na tarar Gwaggo ta sa shi cikin tsohon kwanon sha ta tura ƙarƙashin gadon Baba. Ta yi mini bayani tana ɗaga murya, kamar ni ce jahilar gidan. Haka iyayensu suke yi. Ana ajiye ɗan kunkuru ƙarƙashin gadon majinyaci, a riƙa ba shi ragowar abincin majinyacin, kuma ba zai ga rana ba. Sannu a hankali zai zuƙe ciwon. Shi yana lalacewa, mutum yana tashi. Ranar da ya mutu a kai shi bayan gari a binne shi da cutar.

Na ce, "Haba Gwaggo, wannan ai camfi ne!"

Ta ce, "Boko ya cinye miki kai. Wata biyu kina lallashi, mi kinka tsinana?"

Liman ma da ya ji labari ya ce a bar wannan, waraka ta Allah ce. Amma washegari da safe ina haɗa littattafaina sai na ji Baba ya kira ni. Ya ce, "Zo ki kama ni." Na kama shi, ya dafa igiyar nan da hannun dama, ya yi taku uku, gumi ya jiƙe masa riga. Na tafi makaranta ina share hawaye a hanya.

To daga nan abin ya ɗaure mini kai. Kowace safiya Gwaggo ta jawo kwanon ta nuna wa Baba, shi kuma ya leƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kama shi. Taku uku ya zama bakwai, bakwai ya zama goma sha biyu. Ya daina ɓoye ƙwayoyin maganinsa a ƙarƙashin filo. Har tsokanata ya dawo yi, yana ce mini malamar da ba ta iya dama kunu ba.

Kunkurun kuwa ni nake wanke masa kwano, don haka ni na san halin da yake ciki. Tuwon shinkafa ake gutsura masa, da ɗan kifi, wani lokaci a ɗiga masa fura. Bai taɓa ci ba, sai dai abincin ya yi tsami ya manne masa a ciki. Simintin ƙarƙashin gadon sanyi ƙalau, ga danshin damina. Cikin mako uku idanunsa suka kumbura suka rufe. Kumfa ta fara fita daga hancinsa, in ka kai kunne kusa kana jin wani siririn fito duk numfashin da ya ja. Ƙoƙon bayansa ya yi laushi, in na danna da yatsa yana lotsawa. Sai kuma ya fara jan ƙafar baya, kuma don ƙaddara ta hagu ce. Ranar da Gwaggo ta ga haka guɗa ta rangaɗa, maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko aure aka ɗaura. A ranar Baba ya kai gindin mangwaro, taku goma sha bakwai, ya rungume itacen yana dariya.

Na san magani ne da motsa jiki suke aiki. Na kuma san abin da ke tayar da shi daga kan gado kwanon nan ne. Duka biyun na sani, kada wani ya ce ban sani ba.

Ranar kasuwa na gamu da Baffa a wajen masu sayar da gishirin shanu. Ya tambaye ni ɗan baƙonsa, na faɗa masa gaskiya. Tsohon nan ya jingina da sandarsa. Ya ce, "Ba ciwon babanki ya ɗauka ba. Duhu ne da tuwo. Da na san abin da za a yi da shi, da na bar shi bakin raminsu." Ya ce in ina so ya rayu in riƙa jiƙa shi a ruwa mai ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, in sa shi hantsi, in ba shi ganyen wake da lalo da furen kabewa, in daka ɓawon ƙwai in barbaɗa a kai don ƙoƙon ya yi ƙwari. Ya ce in ban yi ba, ba zai ga sabon wata ba.

Na dawo gida na ce ba ruwana. Kwana biyu ina ce wa kaina ba ruwana, ubana ne ke tashi, wannan kuwa ɗan ƙwaro ne da irinsa ke cike da daji. A na uku na fito da shi zan wanke kwano, na ɗora shi a tafin hannuna. Idonsa a rufe, amma sai ya miƙo wuya yana lalubar inda hasken ƙofa yake. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ma san da wa nake fushi ba. Na sa shi cikin gefen zanina na fita.

A bayan rumbu na yi masa wuri. Na jera tubala na kewaye fili kamar faɗin tabarmar salla, na zuba yashin gulbi busasshe, na kife fasasshiyar tukunya a kusurwa don ya samu inuwa. Na binne murfin kwano daidai da ƙasa na zuba ruwa kaɗan. Saman na rufe da tsohuwar ragar kamun kifi saboda shaho, na zagaye tubalan da toka saboda cinnaka. Dabarata ita ce in riƙa sato shi in na taso daga makaranta, lokacin da Baba ke barcin bayan azahar, Gwaggo kuma ta shiga maƙwabta surfe. Sa'a guda a waje, sai in mayar da shi kwanonsa. Wai ni mai wayo, zan raya kunkuru kuma in bar wa Baba imaninsa.

Rana ta biyar ido ɗaya ya buɗe. Ta takwas ya kai baki ga furen kabewa, ya yagi ɗan mitsitsi, ya daɗe yana haɗiya. Na zauna a ƙasa ina kallonsa kamar sakarya. Bayan nan ya kama ganyen wake, kumfar hancin ta ƙafe, ƙafar ta fara ɗaukarsa. Abin da ban lissafa ba shi ne lafiya ba ta ɓoyuwa.

Wata safiyar Asabar Gwaggo ta jawo kwanon, ta tsaya. Ta ce, "Kai! Wanga abu ƙiba yaka yi." Ta juye shi a tabarma. Ɗan banzan nan ya miƙe a kan ƙafafunsa huɗu, ya nufi ƙofa kai tsaye, ya san hanya. Ga ɗanyen ganye manne a bakinsa.

Baba ya bi shi da kallo har bakin ƙofa. Sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Kin hid da shi rana?"

Da na yi ƙarya, da ban san yadda za ta kasance ba. Amma ni bakina bai iya shiru ba. Na ce na fitar da shi, kuma kullum nake fitarwa. Na ce, "Baba, ƙafarka ce ta kai ka gindin mangwaro, da ikon Allah da maganin da kake sha. Mako biyu ke nan yana warkewa, kai ma kana ƙara taku. Ba ka gani ba? Babu abin da ya haɗa ku!" Ina faɗa ina jin daɗin hujjata, kamar ina gaban allo.

Gwaggo ta dafe kai tana salati. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe ya maido min abina." Sannan ya ce, "Kin dube mu mu biyu, shi kinka zaɓa."

Ranar bai taka ba. Washegari ma haka. Na durƙusa na ce zan mayar da kunkurun ƙarƙashin gado, ba zan ƙara taɓa shi ba, ya mutu in mutuwar ce. Gwaggo ta ce wanda ya ga rana ya lalace, ba ya ƙara ɗauka. Ta aika wa Baffa ya samo wani, ya ce shi kam ya tuba. Ta sa aka bincika har tsallaken iyaka, lokacin ƙyanƙyasarsu ya wuce, sai manya, su kuma wai ba sa yi. Na kawo liman ya yi wa Baba nasiha, ya saurara da ladabi ya yi godiya. Na kira yayyena maza a waya suka yi masa magana. Kowa ya ce masa tashi, sai ya ce to, in Allah ya so.

Ƙafar ta sandare cikin wata guda. Daga nan bayansa ya fara gyambo saboda kwanciya, ni da Gwaggo muna juya shi muna wankewa, ba ta yi mini magana sai ta kama dole. Likitan da muka koma wurinsa ya ce irin wannan ciwo yakan dawo ko mutum yana takawa ko ba ya takawa. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu, har yau ina riƙe da ita, amma ba ta taɓa isata ba. Ni na ga mutumin da ya kai gindin mangwaro, kuma na ga ranar da ya daina.

Gab da yankan shinkafa jikin ya tsananta, harshensa ya yi nauyi. Wata la'asar ina shafa masa man kaɗanya a ƙafa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe." Can ya ce, "Shina nan?"

Na ce yana nan, a bayan rumbu.

"Ya ci abinci yau?"

Na ce ya ci, ganyen wake da ɗan lalo.

Ya lumshe ido. Ya ce, "To madalla. Guda cikinmu ya tashi."

Bayan kwana huɗu ya rasu. Washegarin jana'iza gida ya cika da masu gaisuwa, mata har zaure. Na zame ta bayan ɗaki na je gona na tsinko ganyen wake, don in ban kai masa ba babu wanda zai kai.