Sunan da Aka Rubuta a Gurbin Nawa

Kullum kafin ƙarfe bakwai na safe, tun ba a hura wutar tukunyar turara shinkafa ba, Malam Abdulbaƙi zai jingine kekensa a jikin katangar kamfaninmu da ke nan Wudil, ya zagaya baya, can inda kowa yake toshe hanci. Tafkuna uku ne a wurin, inda ruwan jiƙon shinkafa yake kwanciya ya tace kafin a sake shi ya gangara kogi. Zai ɗebi ruwan a kwalba, ya gwada, ya rubuta a rijista. Daga nan sai wajen toka, sai durom ɗin baƙin mai. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan zagaye, ran Juma'ar nan kuma zai yi ritaya.

Mai Kwalba muke ce masa, kuma ba don girmamawa ba. Ni Mudassir, shugaban sashen turara, na fi kowa iya tsokanarsa. Ina hango shi sai in ce, “Malam, yau miyar ta ji gishiri?” Murmushi kawai yake yi ya wuce.

Da kamfani ya karɓi satifiket na kula da muhalli, an kafa mana ƙa'ida: duk abin da ya zube ko ya lalace a rubuta shi, a faɗi dalili, a faɗi gyara. Mu dai ado muka ɗauke ta. Masu bincike za su zo, mu shafa fenti, mu share harabar gaba. Suna tafiya mu koma gidan jiya. Malam Abdulbaƙi kaɗai ya riƙe ta amana. Barakatu mai shara ta shaida cewa fom bakwai ya cike kafin a ba masu kwasar toka safar hannu da takunkumi. Direbobi sun shaida shi ya hana su juye baƙin mai a kwata, suna zaginsa yana miƙa musu mazurari.

Akwai wata tsohuwar dabara da muka gada a sashenmu. In tafkin farko ya cika, sai a jira hadari ya haɗo a buɗe ƙofarsa, ruwan sama ya wanke ƙazantar ya rufa mana asiri. Shekara shida da suka wuce, wata la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, na je na buɗe da hannuna. Sai iska ta taso ta watsa hadarin, ko ɗigo bai sauka ba. Ruwan ya bi kwata ɗanyensa, ya faɗa kududdufin da wani bawan Allah, Bilya, yake kiwon tarwaɗa a ƙasan kamfani.

Washegari Bilya ya dire kwano cike da mataccen kifi a bakin get. “Ku ci,” in ji shi, “ai naku ne.”

Manaja ya tara mu a ofis. Ya tarar Malam Abdulbaƙi ya riga ya rubuta komai a rijista, ga shi saura mako biyu masu bincike su zo.

“Malam, a cire wannan shafin.”

“Ranka ya daɗe, rijistar da aka yage ai ta tashi daga rijista.”

“To wa ya buɗe? Dole a sa suna.”

Ina tsaye, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Malam ya ɗauki biro ya rubuta sunansa, a gaba ya ƙara: “Ban sa wa ƙofar kwaɗo ba.” Aka ba shi takardar gargaɗi, aka cusa a fayil ɗinsa, ƙarin girma ya wuce shi har sau biyu. Ɗaya daga ciki ni aka ba, na kuma karɓa har da walima. Wallahi duk sanda na tuna, kunya takan hana ni haɗa ido da kaina a madubi.

Malam, kai ne ka sa kwaɗon a makon, ka kafa dokar sai mutum biyu sun sa hannu kafin a buɗe. Kai ne ka yi ta sintiri har kamfani ya yashe kududdufin Bilya aka zuba masa sabon iri. Tun daga ranar, ruwanmu bai sake kashe ko kwaɗo ba. Gagara-yaga, mai gaskiya ko a bayan katanga! Ba ka taɓa yi mini gori ba, ko da kallo, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma da kuke aiki a masana'antu, in kuna da irinsa, ku daina dariya, ku bi shi zagaye ko sau ɗaya ku koya.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba zan bari ya tafi gida da tabon da ba nasa ba. Jiya na kai wa manaja takarda da sa hannuna, na roƙi a cire gargaɗin daga fayil ɗinsa kafin Juma'a, a mayar da shi nawa. Abin da za a yi da ni, oho. Mutanen Wudil, Bilya, ku ji da kyau: ni na buɗe ƙofar.