Kiyashi a Kyamarar Mai Hoto

Duk wanda aka ɗauka hoto a unguwarmu zamanin fim, ya duba da kyau: zai ga kansa a karkace, kamar mai sauraren gulma ta jikin bango. Ba ciwon wuya ba ne. Aikin mijin ƙanwata ne, wanda kowa ke kira Mai Hoto.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da kujera, da labule mai zanen jirgin sama. Kyamararsa a kafe take bisa ƙafafu uku, kuma tana da ɗan haya: wani kiyashi da ya shiga ya mutu a kan gilashin saiti, wato ɗan gilashin da mai ɗauka ke ganin mutum a kai idan ya leƙa. Kiyashin ba ya fitowa a hoto, domin hasken da ke zuwa fim ba ya bi ta kansa. Na bayyana masa wannan har da zane, yadda aka koya mana a makarantar mishan. Ya ce ya gane sarai, amma shi ba zai danna ba alhali gawa na kan hancin mutum. Saboda haka kullum sai ka ji: "Karkata hagu kaɗan. Ƙara. Yauwa, ya sauka kafaɗa."

Mahaifiyarmu, Inna, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Sai da tsufa ya kama ta, sannan ƙanwata ta matsa mata, don jikoki su san fuskarta.

"Sau ɗaya zan zauna," in ji Inna. "In ya lalace, ku zana ni da gawayi."

Nan Mai Hoto ya shiga uku. Mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da surukarsa, da wane baki zai ce mata ta karkata? Ya ga babu mafita sai a yi jana'izar kiyashi. Ya sa matsefata, irin ta cire ƙaya, ya ciro gilashin, ya hura, ya goge da bakin riga, ya mayar. To, gilashin fuska biyu gare shi, mai santsi da mai kaushi, kuma mai kaushin ce ke kallon ƙasa. Shi kuwa sai ya mayar da shi a kife.

Inna ta zauna cak. Ya leƙa, ya gan ta tangaran, ya danna. Da ya wanke hoton, sai ga jirgin labule ras, har kana iya ƙirga tagoginsa. Fuskar Inna kuwa dishi-dishi, kamar an hango ta ta cikin hayaƙi.

"Uwata ka ɗauka ko jirgi?" in ji ƙanwata.

"Wallahi a ciki lafiya lau na gan ta!"

"To sai jikokin su riƙa shiga ciki suna gaishe ta."

Ya sake buɗe kyamarar, ya ga ɓarnar da ya yi, ya dafe kai. Ya roƙe ni in raka shi. Ya tsuguna a bakin ƙofar Inna, ni na miƙa mata hoton. Ta nisantar da shi, ta kusantar.

"Ina tamojin goshina?"

"Inna, kuskure ne," in ji shi, kansa a ƙasa. "In kin yarda a sake..."

"A sake me? Haka nake ranar da ubansu ya fara ganina. Shi ma, Allah ya jiƙansa, idonsa ba kyau. Tashi, ɗan nan, ashe ka iya aiki."

Kafin mako ya zagayo, ƙawayenta sun cika shagon, kowacce tana neman irin na Inna. Tun daga nan, da tsohuwa ta shigo sai ya ɗauko matsefata ya kifa gilashi, da ta fita ya daidaita.

Hoton yana bangon ɗakina. Jikoki sun haddace jirgin. Fuskar kakarsu kuwa sai dai mu ba su labari, abin da ita ma ta fi so ke nan. Amma a duk hotunan Mai Hoto, ita ce ta fara zama a miƙe.