Kik ɗin Jirgin Feshi da Shinkafar Malam Bunu

Malam Bunu Zarami yana da shekara sittin da uku, kuma mai gyaran kik ne a Haɗeja, a wata rumfar kwano kusa da inda mutanen Auyo ke hawa mota. Kik shi ne abin da ke murza inji ya tashi idan an murɗa makulli. Matarsa ɗaya, 'Yar'azumi, 'ya'yansu mata duk suna ɗakin miji. Yana da gonar shinkafa a fadamar Auyo, gadon mahaifinsa, kuma ita ke ci da gidan, domin mutanen yanzu sun fi son su yar da tsohon kik su sayi sabo.

An san shi da haɗa abin da ba a yi shi don juna ba. Ya ɗaura kik ɗin babbar mota a jikin tarakta, ya ɗaura na ƙaramar mota a injin casar shinkafa. Magagari ne kayan aikinsa, da walda, da guntayen ƙarfen da yake cusawa don cike giɓi.

"Ba abin da ke zuwa mana daidai," in ji shi. "A nan muke lallaɓa shi ya zauna."

Bana, da damina ta yi nisa, shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta ba ta yi tauri ba, sai jan baki suka sauka. Tsuntsaye ne ƙanana masu tafiya a garke, suna kwana a cikin kachala, doguwar ciyawar nan da ta cinye bakin ruwa, da safe su bazu gonaki. Ƙungiyar manoman yankin ta ɗauko wani ɗan jirgin feshin maganin tsuntsu mai farfela ɗaya daga wani kamfani. Ya sauka a wani fili na kan tudu, ya yi aikin yamma biyu, kik ɗinsa ya ƙone. Aka aiko da sabo. Da aka ɗaura aka murɗa makulli, sai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, farfela ko motsi.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Shu'ibu, shi ya zo rumfar da kansa a kan babur.

"Tashi, Bunu. Yau Allah ya ɗaga ka, daga injin casa zuwa jirgin sama."

"Alhaji, ka dai ce an rasa mai yi."

"To, da an samu zan zo wajen tsoho mai ciwon baya?"

A filin suka tarar da injiniyan jirgin, wani saurayi mai suna Haris, da matuƙin, Mustapha. Haris ya riga ya gano matsalar, ya nuna wa Malam Bunu. A bayan farfela akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora a kewaye, wanda makanikai ke kira filawil. A bakin kik kuma akwai ɗan ƙaramin giya da ke fitowa ya kama haƙoran ya juya su. Irin wannan injin yana zuwa da faifai iri biyu: mai haƙora ɗari da ashirin da biyu, manya, da mai ɗari da arba'in da tara, ƙanana. Na jirgin mai manyan ne. Kik ɗin da aka aiko na mai ƙananan ne. A ido duk ɗaya suke, har ramukan noti.

Malam Bunu ya ɗora ɗan giyan a kan faifan, ya juya shi da yatsa, ya ga haƙori yana hawa kan haƙori.

"Ka ba ni shi zuwa azahar," ya ce. "In cire wannan giyan, in sassaƙo wani daga na tarakta."

Manoman da suka kewaye su suka ɗauki hayaniya, kowa na ba da shaidar injinsa da Bunu ya tayar.

"Baba, na yarda za ka iya," in ji Haris. "Amma idan haƙori ɗaya ya ɓalle ya tsaga faifan nan, farfela a jikinsa take. Tarakta in ta ƙi, a gona take tsayawa. Wannan a ina zai tsaya?"

"A kan ka zai faɗo, Alhaji," wani ya ce daga baya, aka yi dariya.

Malam Bunu bai yi gardama ba. Ya miƙa wa Haris kik ɗin, ya goge hannu a rigarsa. An sake yin waya kamfani, aka ce na daidai sai an nemo daga waje, ba a san ranar zuwansa ba.

Sai Mustapha ya ce akwai wata hanya, in da mai yi: a tayar da injin da hannu, mutum ya ja farfelar ƙasa da ƙarfi ya kauce. Shi dole ya zauna a ciki ya taka birki. Haris bai taɓa yi ba. Malam Bunu ya taɓa. Yana saurayi ya yi damina biyu yana ɗaukar wa wasu masu feshi durom ɗin magani, a can aka koya masa: ba a naɗe yatsu a bayan farfela, a kan leɓenta ake ɗora su, kuma ƙafa ɗaya tana baya tun kafin a ja.

"Shekara nawa ke nan, Baba?" Mustapha ya tambaya.

"Ba a haife ka ba."

Daga ranar, kullum bayan la'asar yana filin, domin da almuru ake feshi, lokacin da tsuntsaye ke komawa makwancinsu. A sa katako a ƙarƙashin taya, Mustapha ya ɗaga yatsa, Malam Bunu ya ja. Wani lokaci injin ya kama a ja na uku, wani lokaci sai gumi ya jiƙa masa riga. Ƙungiya ta tsara a fara da manyan makwantai na gabas, inda gonaki suka fi yawa. Kachalar da ke kusa da gonarsa ita ce ta ƙarshe. Bai nemi a sauya ba.

A can gonar 'Yar'azumi ce ke kora, tana jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye da leda, tana ihu har muryarta ta dushe. Hanya ta cika da ruwa, da kwalekwale take shiga.

"Malam, kana tayar wa gari jirgi, ni ina kaɗa gwangwani," ta ce masa da ya dawo wani dare.

"Saura kaɗan a iso mu."

"Tsuntsun ma haka yake cewa."

Ranar da aka iso su, injin ya yi tutsu. Maimakon ya kama, farfelar ta dawo baya, ta fizge masa hannun dama. Kafaɗarsa ta goce. A bayan babur aka kai shi wajen mai ɗori. Haris ya ce shi zai ja washegari, Malam Bunu ya nuna masa tsayuwar da hannun hagu. Amma kafin gari ya waye aka yi ruwa mai yawa, filin ya zama taɓo, jirgi ɗauke da magani ba zai iya gudu a kai ba. Aka zauna jiran ƙasa ta tsane. Tsuntsayen da suka tsira a gabas kuwa duk suka komo kachalar da ba a fesa ba.

Kik na daidai ya iso a makon jiya, a hannun wani direban Kano. Haris ya ɗaura, murɗa ɗaya jirgin ya tashi, aka fesa makwancin ƙarshe. Maƙwabtansa da suka yi shuka a makare sun sami abin yanka. Malam Bunu da wuri ya shuka, tsuntsu ya riga ya gama da tasa.

Shekaranjiya ya shiga gonar, hannunsa rataye a wuya da tsumma. Ya bi ta daga wannan kunya zuwa waccan yana murza zangarniya a tafin hagu, ƙaiƙayi ne kawai ke zuba. Abin da 'Yar'azumi ta tsinto a gefen da ta fi tsayawa bai cika buhu biyu ba. Ya ɗaga hannu ya kira wani makiyayi, Usaini, da ke tsaye da shanunsa a kan tudu. Ya janye ƙayar da ke bakin gonar, ya matsa gefe, shanun suka shiga.