Manja a Rigar Baba

Shekarata biyu ina aiki a wata masaƙa a Kaduna na zo hutu gida Birnin Gwari, sai Baba ya ce ba zan koma ba. Dawa ta nuna, hannu ya yi ƙaranci a gona, kuma wani ya gaya masa aikina zama ne kusa da injin sanyaya iska.

"Gadin sanyi," in ji shi. "Randa ma tana sanyi, wa ke gadinta?"

Raina ya ɓaci, don ina son aikin nan. Na ce masa man da ke shafe ƙarafan injin yakan sulale ya bi gas ɗin sanyi, ya taru can ƙasan tukunyar da ke sanyaya ruwa. In bai dawo ba, ƙarfe ya ci ƙarfe. Abin da ke dawo da shi wani ɗan bututu ne mai matsattsen maƙogwaro, ba abin da ke juyawa a cikinsa. Gas ya wuce ta maƙogwaron a guje, sai ya zuƙo man ta bututun gefe, su tafi tanki tare. Ni ke lura kada ya toshe.

"Iska ta ɗebo mai daga ƙasa? In na gani da idona, ka koma," in ji Baba.

Ranar Juma'a ce, ya riga ya sa farar rigarsa. Na ɗauko famfon kekensa, na tsoma bututun biro a kwanon manjan Inna da ya narke a rana, na saita famfon yadda iskarsa za ta gilma ta bakin bututun. Na buga sau uku, shiru. Baba ya yi murmushi, ya matso, ya sunkuyo.

Abin da na manta shi ne, a masaƙa akwai tanki a gaba. A nan Baba ne a gaba. Bugu na huɗu manja ya hau, ya fesu daga wuyansa har aljihu.

Ya daɗe yana kallon ƙirjinsa, ni kuwa na riga na fara tunanin lauje.

"Ka koma," ya ce, "kafin ka ƙarar wa uwarka da manja."

Sau uku Inna ta wanke rigar, tabon bai fita ba. Ta ce a kai marina, ya hana. Da ita ya riƙa zuwa kasuwa shekara da shekaru, duk wanda ya tambaya sai ya buga ƙirji ya ce, "Iska ce ta ɗebo shi. Ɗana ne ya sa ta aikin."