Goji a Yajin Kawu Rilwanu

"Shi ya sa ba ka taɓa ganin mutumin Sin da tabarau ba," in ji Kawu Rilwanu.

Na ce, "Kawu, injiniyan da ke duba ginin bayan gidanmu mutumin Sin ne, kuma da tabarau yake yawo."

"Na gayu ne. Yalla, buɗe hannunka."

Na buɗe. Ya zuba mini 'ya'yan goji busassu, jajaye, kamar zabibin da aka rina. Na tauna. Ɗan zaƙi, ɗan tsami, sai kuma su manne wa mutum a dasashi. Shi kuwa ya watsa nasa a baki ya lumshe ido, kamar mai jin lafiya tana sauka gaɓa bayan gaɓa.

"Ido, hanta, ƙoda, bacci, tsawon rai," ya ce. "Amma je ka gaya wa Bahaushe. Bahaushe ya fi son ya mutu da abin da ya saba."

Rilwanu ba ɗan'uwana ba ne. Maƙwabcinmu ne a unguwar Kurayyat, a nan Jidda, kuma kowa a layin Kawu yake ce masa. Mai tsire ne, ɗan mai tsire. Mahaifinsa, Malam Usuman, ta ƙasa ya zo hajji, ya biyo ta Sudan, ya sauke farali, sannan ya kafa tukuba a unguwar Karantina bai sake waiwayar hanyar gida ba. A can aka haifi Rilwanu. Hausarsa rabi Larabci ce, Kano kuwa a bakin mutane ya san ta, amma hakan bai hana shi gyara wa Kanawa labarin garinsu ba.

Gadon da uban ya bar masa biyu ne: tsohon turmi mai tsaguwa a baki, da haɗin yaji. Ƙuli-ƙulin matan Sudan, barkono, citta, kanumfari, masoro, da kimba kaɗan. Larabawan da ke kiran tsire siriye sukan tsallako gari saboda yajin nan. Da aka rushe Karantina mutanenta suka watsu, kowa inda ya sami ɗaki. Rilwanu ya ɗauko turminsa a bayan motar haya ya dawo nan. Abin da ya rage masa na tsohuwar unguwa shi ne benci guda. Duk Juma'a bayan la'asar dattawan Karantina sukan taho daga unguwanni masu nisa, su zauna a kansa, su ci tsire, su yi gardamar ko gidan wa ne ke kusa da famfo a da. Shugabansu Alhaji Zaharadden, tsohon direban babbar mota, wanda ya ci tsiren Malam Usuman tun Rilwanu yana rarrafe. Muddin suna kan bencin nan, Rilwanu ɗan Malam Usuman ne na Karantina. In babu su, wani mai gashin nama ne kawai a gefen titi.

Kawu mutum ne mai son lafiya, in dai ba za ta raba shi da komai ba. Ya yi zamanin munduwar maganaɗisu. Ya yi na takalmi mai ƙusoshin roba, wanda ya sa shi tafiya kamar mai taka garwashi, yana ce mana jini ne ke gudu. Da likita ya ce masa jininsa ya hau, ya rage gishiri da kitse, sai ya dawo yana cewa yaron likitan bai san jikin Bahaushe ba.

Goji kuwa a unguwar Bagdadiyya ya gamu da shi, a shagon Othman mai kayan ƙamshi, inda yake sayen citta. Na taɓa raka shi can, kuma na ji abin da Othman ke faɗi. Cewa yake mutanen Sin sun daɗe suna amfani da shi, suna cewa yana taimakon ido da hanta, kuma kaɗan suke jefawa a ruwan zafi, ko a romon kaza, ko a kunun shinkafarsu. Kaɗan. Sau biyu ya faɗa. Wannan kalmar ce kawai Kawu bai ɗauko ba.

Ya fara da kansa. Zai zare tsinken tsire mai kitse ya cinye, ya bi shi da cikin hannu na goji, ya ce halas, sun kashe juna. Daga nan abin ya shiga gida. Inna Rahamatu, matarsa, ta tsinci goji a kunun gyada ta yi shiru. Ta tsince shi a fura ta yi shiru. Ranar da ta buɗe tukunyar miyar kuka ta ga jajayen abubuwa sun kumbura suna iyo, ta ɗauko ludayi ta tsaya a ƙofar kicin.

"Malam, tukubarka taka ce. Tukunyata kuwa, in na sake ganin hannunka a ciki, da shi zan kaɗa miyar."

Da aka kore shi daga tukunya sai ya juya kan turmi. Hujjarsa mai sauƙi ce: abin ja ne, barkono ma ja ne, ke nan Allah ya halicce shi don yaji. Zai zama mutum na farko a Jidda da ke sayar da tsire tare da maganinsa a jiki. Har suna ya raɗa masa, siriye sihhi, wato tsiren lafiya.

Rahamatu ta ce, "Ka taɓa ganin an daka zabibi ya zama gari?"

"Wannan ba zabibi ba ne, ya hurma," in ji shi, yadda Larabawa ke kiran mace. "Ke dai ba ki sani ba. Ilimi ne."

Ilimin ya kama taɓarya. Goji ba ya dakuwa, cuɗewa yake yi. Ƙuli da barkono da citta duk suka haɗe suka zama wani jan danƙo da ya cike tsaguwar turmin Malam Usuman. Wani da ya ga haka zai tsaya. Kawu ya ƙara ƙuli, ya murje da hannu, ya shafe naman da shi kamar mai yaɓen ɗaki.

Ina wurin ranar Juma'ar. Zaƙin da ke cikin abin ya hau wuta ya ƙone tun nama bai nuna ba. Waje baƙi, ciki ja, hayaƙin kuma warin ƙonannen sukari. Dattawa suna zaune a jere, Kawu yana rarraba musu tsinke yana wa'azi.

"Ya Alhaji, wannan idonka zai buɗe. Ammi Hashim, kai kuma ƙodarka. Ku ci, ba za ku gane ba yau, sai nan gaba."

Ammi Hashim ya gatsa, ya duba hagu da dama, ya tofar a hankici cikin ladabi. Alhaji Zaharadden ya daure ya tauna. Sai muka ga ya daina motsa baki. Haƙoransa na roba sun manne, na sama da na ƙasa. Ya juya baya ya ciro su, ya wanke da ruwan gora, ya mayar. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake Ammi Hashim ya daɗe yana tari.

"Rilwanu," in ji Alhaji. "Zo nan, ɗana."

Ya zura hannu a aljihun jallabiya ya fito da leda cike da ƙwayoyi.

"Ka ga wannan? Na suga. Wannan na jini. Wannan na gwiwa. Wannan ban ma san na mene ne ba, 'yata ce ke ba ni. Duk mako magani nake ci. Rana ɗaya nake hawa mota in ƙetare Jidda don in ci abin da ba magani ba. Gidana sun tafi da shi, masallacinmu sun tafi da shi. Yajin babanka ne kawai katafila ba ta taka ba, sai ga shi kai ka taka."

Kawu ya ce, "Ya Alhaji, mutanen Sin..."

"Su zo su zauna maka a benci."

Juma'ar da ta biyo, bencin ya wuni babu kowa. Kawu ya goge shi, ya matsar da shi inuwa, ya sake gogewa. Daga baya muka ji dattawan suna wurin Muntaka, wanda ya koyi gashi a hannun Kawu, mutumin da Kawu ke cewa namansa sai a yi takalmi da shi. Wata Juma'ar ma haka. Siriye sihhi kuwa, wasu samari biyu 'yan motsa jiki ne suka saya, suka ɗauki hotonsa, suka bar shi a kan tebur.

Ranar da yake ba ni labarin tabarau, da saƙo na zo. Na haɗu da Alhaji Zaharadden a masallacin Juma'a ya ba ni shi, ina ta jiran Kawu ya ja numfashi in isar. Sai da ya gama da hanta ya koma kan ƙoda, sannan na samu.

"Kawu, Alhaji ya ce zai zo wannan Juma'ar. Shi kaɗai. Zai ɗanɗana tsinke ɗaya. In yajin Malam Usuman ne, zai kira sauran. In ya ji zaƙi ko kaɗan, ya ce a sayar da bencin."

"Kada ya zo! Wa ya kira shi? Mutum ana ba shi lafiya yana tofarwa. Su je su ƙarasa haƙoransu a wurin Muntaka."

Ya dubi benci. Ya dubi turmin, wanda jan danƙon ya bushe a cikinsa kamar siminti.

"Shi kaɗai ya ce?"

"Shi kaɗai."

"Yaji ya ce, ko? Bai ambaci shayi ba?"

"Bai ambata ba."

"To, a shayinsa zan jefa. Kaɗan." Ya ɗaga murya wajen gida. "Rahamatu! Ɗora mini ruwan zafi, ki aiko da tsohuwar wuƙar nan. Kuma ki kira matar Sudan, ƙuli nake so, sabo."

Daga ciki Inna Rahamatu ta ce, "Ilimin ya ƙare ke nan?"

Ya watsa sauran gojin a baki, ya naɗe hannun riga, ya kwantar da turmin a gefe, ya fara mirgina shi zuwa bakin famfo.